KWANA BIYU A TSANGAYAR DAMINA

Tsarabar ƙauye na riƙo muku a wannan fitowa, daga yankin Karaduwa, wato kudancin Jihar Katsina, inda na je na kwana biyu a wata tsangaya da ke tsakanin Malumfashi da Funtuwa. Sunan ƙauyen kam ku yi mini uzuri ba zan kama shi ba, domin kowa ya san halin da yankin yake ciki, kuma mutanen da suka karɓe ni hannu bibbiyu ba su cancanci in tallata su a takarda ba.

Mafarin abin, ranar da aka ba yara dogon hutu maigida ya dawo daga kasuwa, bayan ya ci tuwo ya wanke hannu sai ya ce, "Maman yara, ki haɗa wa Abba kayansa, jibi zan kai shi wajen Malam ya yi mako shida." Na ce, "Wane Malam?" Ya ce, "Malam nawa gare ni? Wanda ya koya mini babbaƙu mana." Wallahi ji na yi kamar an kwara mini ruwan randa. Abba shi ne ɗan farina, shekararsa goma sha ɗaya, sunan kakansa ya ci shi ya sa muke kiransa haka, kuma tun da na haife shi bai taɓa kwana a wani gida ba in ba na kakarsa ba. Ga kunyar ɗan fari ta hana ni in buɗe baki in ce a'a, kada a ce ba ni da kara. Sai na kewaya na ce, "Alhaji, ka manta da Ƙanƙara?"

Wace uwa ce za ta manta? A daren Juma'a 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka shiga makarantar kwana ta kimiyya da ke Ƙanƙara suka kora yara sama da 300 cikin daji, sai ranar 17 ga watan aka sako su. Kwana biyu da sako su kuma aka tare 'yan Islamiyyar Mahuta ta ƙasar Ɗandume a hanyarsu ta dawowa daga Mauludi, Allah ya taimaka aka ƙwato su da wuri. Duk kuwa yankin da ake cewa za a kai mini yaro ke nan.

Alhaji ya yi shiru jim kaɗan sannan ya ce, "Ban manta ba. Na yi waya da Malam, na kuma bincika wajen mutanen da nake sayen hatsi a hannunsu, ɓangarensu da sauƙi. Can ɗin ma 'ya'yan mutane ne ke kwana. Yaron nan bai san ya ɗauraye kwanon da ya ci abinci ba, karatunsa na Islamiyya kuma kullum yana nan inda yake kamar an dasa shi. In ya dawo kya ba ni labari." Daga nan na san magana ta ƙare.

ABIN DA YAYANA YA FAƊA MINI

Da dare na kira yayana da ke aikin asibiti a birnin Niyu Yok na ƙasar Amurka, don in samu mai taya ni jin haushi. Maimakon haka sai ya kama dariya ya ce, "Haba ƙanwata, ai ba mu kaɗai ke raba yaro da uwarsa don ya koyi addini ba. Yahudawan da muke aiki tare yanzu haka gidajensu tsit, duk sun kwashe yara sun kai sansani."

Ya ba ni labari cewa a lokacin zafinsu, daga watan Yuni zuwa Agusta, Yahudawan Amurka da yawa kan kai 'ya'yansu maza da mata wani sansani a bayan gari, galibi a cikin itatuwa a bakin tafki, su yi mako biyu ko huɗu, wasu har takwas. Yara na kwana a ɗakunan katako, kowane ɗaki da saurayi ko budurwa 'yan makaranta masu kula da su. Da safe a yi addu'a tare, a koyi Ibrananci, wato yaren littafinsu, a yi iyo da ƙwallo, a ci abinci bisa ƙa'idar addininsu, ba naman alade kuma ba a haɗa nama da madara a ci guda. Ranar Juma'a da yamma kowa ya yi wanka ya sa fararen kaya, a kunna kyandir, a ajiye duk wani aiki har zuwa daren Asabar. Ya ce abin ya daɗe, domin tun 1902 aka buɗe wani mai suna Surprise Lake saboda 'ya'yan talakawansu da ke cunkushe a lungunan Niyu Yok, a 1947 kuma aka buɗe wani mai suna Ramah a jihar Wiskonsin musamman don koyar da addini da yare. Dattawansu sun lura cewa abin da yaro ya kwana ya tashi a cikinsa na wata guda ya fi zama a ransa a kan darasin awa ɗaya ko biyu a mako.

Da zai ajiye waya sai ya ƙara da cewa, "Amma fa su biya suke yi, kuma an san ranar kai yaro, an san ranar ziyara, an san ranar ɗauko shi." A lokacin ban ba wannan magana muhimmanci ba, don raina a ɓace yake. Ashe ita ce zan je in tarar a ƙauye tana jira na.

HANYA

Mako uku ina daurewa. In na tuƙa tuwo sai in ga malmala ɗaya ta yi saura, in rasa inda zan sa kaina. Ban ce komai ba, amma Alhaji ba yaro ba ne. Ran nan ya ce, "Ki shirya ranar Talata mu je mu gai da Malam." Bai ce mu je mu ga Abba ba, ni ma ban ce ba.

Muka bar Kano da hantsi ta Kabuga, muka wuce Gwarzo, muka shiga ƙasar Katsina ta Ɗayi, sai ga mu a Malumfashi, garin Galadiman Katsina. 'Yar'uwa, in ba ki taɓa ratsa wannan yanki cikin watan Agusta ba, to ba ki ga damina ba. Hagu da dama kore shar, masara ta fi mutum tsawo ta yi goyo, dawa na biye da ita, ga waken suya ya rufe ƙasa, can kuma gonar auduga jefi-jefi. A bakin titi 'yan mata sun jera gasasshiyar masara da yalo da ɗanyar kuɓewa. Alhaji ya ce a zamanin iyayensa dawa da auduga su ne sarakan gona a nan, masara kuwa 'yar bayan gida ce da ake shukawa don gashi. Sai da aka kawo shirin bunƙasa noma na Funtuwa a 1975, da taimakon Bankin Duniya, aka yawaita takin zamani da sabon iri, sannan masara ta hau gadon sarauta, har ya zama manyan motoci na lodin ta daga kasuwannin Ɗandume da Bakori zuwa ko'ina a ƙasar nan.

Bayan mun wuce Malumfashi a kan hanyar Bakori muka sauka daga kwalta. Ba mu yi nisa ba mota ta ce ba ta san zance ba, domin marka ta mai da hanyar taɓo zalla. Dole muka bar ta a ƙofar gidan wani bawan Allah, muka hau babur, ni da jakar tsaraba a cinya ina ta salati, laka na fallatsa mini a zane. Ana kiran la'asar muka isa.

TSANGAYA

Tun kafin ki ga wurin za ki ji shi, wani irin amo kamar na zuma a cikin amya, muryoyi kusan arba'in kowa na karanta nasa. Tsangayar a gefen gari take, jikin gidan Malam. Zaure ne babba, da ɗakuna uku na ƙasa masu rufin kwano, da rumfa, da wata tsohuwar tsamiya. A tsakar fili ga tudun toka inda ake hura wutar karatu, a jikin bango kuma alluna ne a jingine sahu-sahu.

Almajiran hawa-hawa ne. Akwai kolaye, wato ƙananan da ke kan babbaƙu da farfaru, suna rera sunayen baƙaƙe irin su alu da ambaki da ha kuri da mim ara. Akwai titibirai, 'yan shekara goma sha, sannan gardawa, samarin da suka sauke suna bi na biyu ko suna hadda. Daga gardi sai malam, sai alaramma, sai gwani. Su Abba kuwa su bakwai ne da iyayensu suka kawo daga Kano da Zariya da Kaduna don hutu kawai, sauran yara na kiransu 'yan hutu, in an so tsokana a ce 'yan gata.

Ina zaune a ɗakin Inna, uwargidan Malam, ina shan fura, sai ga wani yaro ya yi sallama ya durƙusa a bakin ƙofa, an yi masa aski ƙwal, ya yi baƙi ya faɗa, tawada duk a yatsunsa. Ya ce, "Umma, sannunku da zuwa." Allah Sarki! Sai da na sake dubawa. Zuciyata ta ce in jawo shi jikina, kunya ta ce kul, sai na kau da kai na ce, "Yauwa, ina sauran 'yan'uwanka?" Inna ta tuntsire da dariya ta ce, "Ku 'yan birni ashe har yanzu kuna wannan? To juya ki kalle shi da kyau, ba wanda ya yage miki shi."

DAGA ASUBA ZUWA ASUBA

Ranar Laraba tun kafin assalatu na ji muryar babban gardi yana bi ɗaki-ɗaki yana tashin yara. Na leƙa ta katangar zana, sai na ga an hura wuta da kara, yara sun kewaye ta kowa da allonsa a cinya, wasu na gyangyaɗi suna karatu. Akwai fitilar sola guda biyu da wani tsohon almajirin Malam ya aiko, amma Inna ta ce ba a fasa wutar ba saboda sanyin asuba da sauro. Aka yi salla aka koma karatu har rana ta fito.

Daga nan sai biyawa. Yaro ya zo gaban Malam ko gardin da aka haɗa shi da shi, ya karanta abin da ke allonsa, in ya iya a ce ya je ya wanke, in bai iya ba ya koma. Wankin allo wuri gare shi na musamman a gindin tsamiya, don kada a taka ruwan. A shanya allon ya bushe, sannan wanda ya iya rubutu ya ɗauko kurtun tawada da alƙalamin gamba ya rubuta na gaba, kolo kuma a rubuta masa. Tawadar ma su ke haɗa abarsu da gawayi da ƙaro. Abba da ya saba da bugun Hafsu a Islamiyya, nan ya tarar da Warshu, har Malam ya haɗa shi da wani gardi da ya san duka biyun don kada ya rikice. Abin da ya ba ni mamaki, yaron da a gida sai an yi da gaske yake buɗe jakarsa, ga shi ya sunkuya yana jan baƙi da hannunsa yana cije leɓe.

Da hantsi aka sha koko da ɗumame, manya suka saɓa fartanya suka nufi gonar Malam, ƙanana kuma aka ba su tsintar ciyawar awaki da ɗebo ruwa a rijiya. Daga wannan gona ake cika rumbun da Inna ke ɗiba tana ciyar da su. Sauran abincin kuwa daga cikin gari yake fitowa, domin kowane almajiri yana da gidan da aka san shi, in lokaci ya yi ya kai kwanonsa a zuba masa. Ba a yawon bara a nan, garin bai kai girman da za a yi ta ba. Sai dai fa watan Agusta wata ne mai nauyi a ƙauye, tsohon hatsi ya kusa ƙarewa sabo bai shigo ba. Da rana na ga abin da aka ci, kwaɗon tafasa da rama da ƙuli-ƙuli, sai gasasshiyar masara kowa ɗaya. Da dare tuwon masara miyar kuɓewa, ba nama ba labarinsa. Na tuna yadda Abba ke ture shinkafa a gida wai ba a sa masa ƙwai ba, na ga yadda yake side kwano a nan, na ce ikon Allah.

Bulala tana nan, ba zan ɓoye muku ba, a hannun gardawa take kuma ba ta burge ni ba. A gabana Malam ya kira wani gardi ya yi masa faɗa don ya zane kolo a kan ya yi fitsarin kwance, ya ce masa, "Kai da aka kawo ka me kake yi?" Na ji daɗin wannan, amma na san ba kullum idon Malam ke kai wa ko'ina ba.

Laraba ce ranar da yaran suka fi so, don daga yammacinta an tashi karatu sai kuma bayan Juma'a. Mai ɗan abin hannu ya ba da kuɗin Laraba, marar shi ba a tambayarsa. Kafin ki ce kwabo fili ya kacame, masu langa na yi, masu kokawa na yi, wasu sun naɗe tsumma da leda sun mai da shi ƙwallo. Inna ta ce Alhamis ranar wanki ce a rafi da aski da yankan farce, Juma'a kuma kowa ya sa 'yar farar rigarsa a bi Malam a sahu zuwa masallacin Juma'a na garin da ke gaba. Da ta faɗi haka sai na tuna fararen kayan da yayana ya ce 'ya'yan Yahudawa na sawa, na yi murmushi ni kaɗai.

DARE

Darena na farko ban runtsa ba. Kare ya yi haushi in zabura, in na ji ƙugin babur daga nesa in tashi zaune. Inna ta ji motsina ta ce, "Kwanta 'yata, wannan na 'yan sintiri ne, mun san ƙarar kowanne. Mu haka muke kwana, kunne ɗaya a buɗe." Ta ce da can gardawa na da kiskadi, wato 'yan bukkoki a cikin daji inda suke keɓewa su yi hadda ba mai damunsu, amma tun da aka shiga wannan masifa Malam ya hana, kowa ya dawo cikin gari, karatun dare ma ana idar da isha'i ba a jimawa ake kashe wuta. Gardawa biyu ke kwana a zaure bi da bi. Na tambaye ta ko ba su tunanin tashi, ta ce, "Mu tashi mu je ina, mu bar wa wa gonar? Allah dai ya kawo mana ƙarshen abin." Na ce amin, na kuma ji kunyar kaina, ni da na zo kwana biyu.

YARON DA BA SHI DA RANA

Tun isowata na lura da wani ɗan kolo, ba zai wuce shekara bakwai ba, rigarsa ta manya ce har gwiwa, kansa da makero. Duk inda na yi yana biye da ni daga nesa. Da yammacin Laraba na shiga ɗakin su Abba don in ga makwancinsa, tabarmi ne a shimfiɗe da 'yan akwatunan kwano, gidan sauro uku kacal a ɗaki mai mutum goma sha biyu. A jikin bango saitin kan Abba na ga zane-zane da gawayi, sanda arba'in da biyu, an soke ashirin da 'yan kai. Ya ce, "Kwanakina ne Umma, kullum in na tashi sai in soke ɗaya." A gefe kuma ga wasu zanen a karkace, sun cika bango har sun gangara ƙasa, ba wanda aka soke. Na ce wannan fa? Ya ce, "Na wancan yaron ne, ya ga ina yi shi ma ya kama, amma bai san nawa zai zana ba."

Ina fitowa sai yaron ya matso ya kama gefen mayafina ya ce, "Inna, ran da za ki zo ɗaukar Abba, ki gaya wa babana shi ma ya zo." 'Yar'uwa, kukan da kunya ta hana ni yi a kan nawa, a kan ɗan wani na yi shi.

Bayan magariba Alhaji ya kai ni na gai da Malam a zaure. Dattijo ne fari tas da gemu, yana zaune a kan buzu, gafaka a gefensa. Na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, yaron nan mai makero na wane ne?" Ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Damina biyu ke nan da ubansa ya kawo shi da tabarma da kwano, ya ce zai dawo da kaka. Har yau kakar ba ta yi ba. 'Yata, a da in mutum ya kawo ɗansa da damin dawa yake zuwa, in an yi girbi ya sake aikowa, da salla ya zo ya gan shi ko ya aiko ƙaninsa. Yanzu wasu karatun ba shi ne a gabansu ba, baki ɗaya suke ragewa a gida. In na kore shi ina za shi? In na riƙe shi kuma, ni ba uwarsa ba ne."

Ya tuna mana shekarar 2020, lokacin cutar korona, da gwamnonin Arewa suka riƙa kwasar almajirai a motoci ana mai da su jihohinsu, ya ce a ranar ne ya kamata iyaye su ji kunya. Alhaji ya ce ai a 2023 gwamnatin tarayya ta kafa hukuma ta musamman don almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Malam ya ce, "Madalla, muna maraba. Amma hukuma ba za ta zo ta shafa kan yaro ta ce masa ɗana ba."

A nan maganar yayana ta dawo mini. Abba da wannan yaro ɗaki ɗaya suke kwana, kwano ɗaya suke ci, Malam ɗaya ke biya musu, sauro ɗaya ke cizonsu. Abba ya rame amma yana dariya, domin ya san an san inda yake kuma ya san ranar da za a zo. Shi kuwa wancan ko an ba shi nama kullum ba zai daina kallon hanya ba.

FUNTUWA

Ranar Alhamis da safe muka yi sallama, aka taya mu turo mota, muka ɗauki babban gardi muka nufi Funtuwa ta Bakori don mu yi wa yara 'yar sayayya. Funtuwa gari ne na Sarkin Maska, wanda auduga da jirgin ƙasa suka raya. Ta nan layin dogo ya ratsa daga Zariya zuwa Gusau har ya dangana da Ƙaura Namoda a 1929, don kwasar auduga da gyaɗa, a nan kuma aka kafa masaƙar Funtuwa a 1978. Garin ne Alhaji Mamman Shata ya zauna shekara da shekaru kafin rasuwarsa a 1999. Gari ne na mahaɗa, hanyar Zariya da ta Gusau da Sakkwato da ta Katsina duk a nan suka gamu, shi ya sa ba ya rabo da manyan motoci da 'yan dako.

A kasuwa muka sayi gidan sauro goma, da sabulu, da silifa, da buhun masara guda, a kantin magani kuma muka karɓi na makero da na ƙaiƙayi. Na saya wa ɗan kolon nan riga daidai jikinsa. Mai kantin ya ja kunnen gardi a kan barin yara su yi iyo a kududdufi da ruwan da ba ya gudu, domin a nan ake ɗaukar tsargiya, cutar da ke sa yaro fitsarin jini, ƙwayarta a jikin katantanwar ruwa take girma ta shiga ta fata. Muka ɗora gardi a mota da kayan, mu kuma muka kamo hanyar gida tun rana na sama, don ba a son yamma ta yi wa mutum a waɗannan hanyoyi.

ABIN DA NA DAWO DA SHI

Abba ya cika kwana arba'in da biyunsa ubansa ya je ya ɗauko shi. Ya dawo da ƙaiƙayi a tsakanin yatsu, sai da muka yi mako biyu muna magani, wannan gaskiya ce. Ya kuma dawo yana tashi asuba ba a tashe shi ba, yana wanke kayansa, ya ƙara izu guda a kan karatunsa, in ƙannensa sun rage abinci ya ce musu, "Kun san akwai wanda bai samu ba?" Takalminsa na makaranta da ya matse shi ya naɗe a leda ya ce a ajiye wa abokinsa. Alhaji bai ce mini ai ga shi nan ba, ni ma ban ce masa ya yi gaskiya ba, amma kowa ya gane.

To 'yar'uwa, in maigida ya ce zai kai yaro karatu wani gari, hutu ne ko zama, kada ki tsaya kuka a ɗaka kawai. Ki nemi sanin malamin da matarsa, ki san wa ke dafa abin da yaron zai ci da inda zai sa haƙarƙarinsa, a kuma bincika lafiyar hanya da ta garin daga bakin mazauna wurin. A haɗa shi da hatsi da gidan sauro da sabulu, kada a miƙa wa malam baki ba tare da abin sa masa ba. Wanda bai kai ya wanke jikinsa da kansa ba a bar shi gaban uwarsa tukuna. Uwa uba a yanke rana, a faɗa wa yaron da baki cewa ran kaza za mu zo, kuma in ranar ta zo a je.

Shi kuwa ɗan kolon nan, Alhaji ya karɓi sunan ƙauyensu wajen Malam, mun ba wani direba da ke bin hanyar saƙo ya kai wa uban. Har zuwa lokacin da nake wannan rubutu shiru muke ji. In Allah ya kai mu kaka za mu koma, na riga na yi wa Inna alkawari. Allah ya shirya mana zuriya, ya zaunar da Karaduwa da ƙasarmu baki ɗaya lafiya, ya ba iyaye ikon riƙe amanar da ya ba su, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.